Kamaka, KoAloha, Kanileʻa ko Koʻolau: Yadda Ake Zaɓen Ukulele na Hawai Mai Inganci

Duk wanda ya shiga kasuwar intanet da niyyar sayen ukulele, wato ɗan abin kiɗa mai tsirkiya huɗu da ke kama da ƙaramar jita, zai tarar an rubuta sunan Hawai a jikin kusan kowane ɗaya, tun daga na dala 30 har zuwa wanda ya haura dala 3,000, kuma abin da ya kamata mai saye ya fara rarrabewa shi ne cewa wannan suna yana iya nufin abubuwa uku mabambanta. Akwai wanda aka sassaƙa aka haɗa shi a tsibiran Hawai ɗin kansu, akwai wanda kamfanin Hawai ya tsara amma aka yi aikinsa a wata ƙasa ta Asiya, sannan akwai wanda ba abin da ya haɗa shi da Hawai sai hoton kwakwa da ke jikin kwalinsa. Wannan ruɗani ba sabo ba ne. Tun bayan babban baje kolin da aka yi a San Faransisko a 1915, inda Amurkawa suka kamu da son wannan abin kiɗa, masana'antun babban yankin Amurka suka shiga ƙera shi suna jingina shi ga Hawai, har ta kai masu sana'ar a Honolulu, babban birnin Hawai, suka riƙa buga wani hatimi mai ɗauke da kalmar Tabu a jikin nasu domin a bambance na gida da na kwaikwayo.

Asalin ukulele kansa baƙo ne da ya zama ɗan gari. A watan Agusta na 1879 jirgin ruwa mai suna Ravenscrag ya sauke 'yan ci-rani daga tsibirin Madera na ƙasar Fotugal a Honolulu, kuma a cikinsu akwai kafintoci uku, Manuel Nunes da Augusto Dias da José do Espírito Santo, waɗanda suka ɗauki fasalin ƙananan kayan kiɗan garinsu suka sassaƙa su da katakon da suka tarar a sabuwar ƙasa. Sarkin Hawai na lokacin, Kalākaua, ya rungumi abin, ya shigar da shi fada, daga nan ya zama na Hawai. Katakon da suka tarar ɗin shi ne koa, kuma har yau a kansa mafi yawan gardamar farashi take tsayawa.

Koa itace ne da ba ya fitowa da kansa a ko'ina a duniya sai a Hawai, musamman a gangaren duwatsun babban tsibirin, wato wanda ya fi girma a cikin tsibiran Hawai, kuma dangi ne na nesa ga bagaruwa da gawo da muka sani, domin duk gidansu ɗaya a wajen masana tsirrai. Da shi mutanen zamanin da suke sassaƙa kwale-kwale. Kiwon shanu da share daji sun cinye kaso mai yawa na dazuzzukansa, shi ya sa a yau mafi yawan wanda ake aiki da shi daga itatuwan da suka mutu ko suka faɗi ake samo shi, kuma shi ya sa yake da tsada. Launinsa yana kamawa daga ruwan zuma zuwa ja mai duhu, kuma akwai wani nau'insa mai zane kamar igiyar ruwa, wanda idan aka juya shi a hasken rana sai a ga zanen yana motsi kamar shadda mai kyau. Masu ƙera ukulele suna kasa koa mataki-mataki bisa yawan wannan zane, kuma kowane mataki da ƙarin kuɗinsa. A nan ne nake son mai saye ya tsaya ya yi tunani, domin matakin na ido ne, ba na kunne ba. Ukulele biyu da suka fito daga hannu ɗaya da fasali ɗaya, ɗaya da koa mara ado ɗaya da mai zane, ba lallai ne mai zanen ya fi daɗin amo ba, kuma masu sana'ar da yawa suna ganin katako mai miƙaƙƙen zare ya fi tsayuwa da juriya. Wanda kuɗinsa ke da iyaka, gara ya zuba su a ingancin aiki, ya bar adon ga mai hali.

Haka kuma a kula da kalmar akeshiya da ake yawan gani a tallace-tallace. Akwai 'yan uwan koa da ake kira da wannan suna, waɗanda ke fitowa a kudu maso gabashin Asiya da Ostireliya, kamanninsu da amonsu sun yi kusa da nasa, kuma katako ne mai kyau a karan kansa. Laifin yana zuwa ne idan mai sayarwa ya lulluɓe shi da sunan koa ya karɓi kuɗin koa. Sauran katakan da ake amfani da su sun haɗa da mahogani, wanda wani jinsinsa shi ne ɗan'uwan maɗacinmu, amonsa kuwa mai taushi ne da ɗumi, kuma da shi kamfanin Martin na jihar Pensilbaniya ya yi suna tun kusan 1916. Akwai kuma katakon mangwaro, da na itatuwan sufurus da sida waɗanda ake sawa a fuskar ukulele, wato katakon saman da ramin sauti yake, idan ana son ƙarar ta fito sosai irin ta jita.

Kafin a kai ga sunan kamfani, sai an yanke shawara a kan girma, domin girma ya fi suna tasiri a kan abin da hannu da kunne za su ji. Ƙarami shi ne sofurano, tsawonsa gaba ɗaya kimanin santimita 53, tsawon tsirkiyar da ke kaɗawa kuwa kimanin 33. Shi ne na asali, kuma shi ke da wannan siririn amo mai tsalle da kowa ke ganewa da jin farko, sai dai tazarar da ke tsakanin layukan ƙarfen wuyansa ƙanƙanuwa ce, babban mutum mai kaurin yatsu zai ji a takure. Sai konsat, mai tsawon santimita 58 da tsirkiya 38, wanda ya riƙe yawancin zaƙin sofurano tare da ƙarin fili. Sai teno, mai santimita 66 da tsirkiya 43, wanda shi ne zaɓin yawancin makaɗan zamani masu hawa dandali, ciki har da Jake Shimabukuro, domin amonsa ya fi cika kuma yana daɗewa kafin ya mutu. Waɗannan uku duka ana saita tsirkiyoyinsu huɗu ne a kan sautukan G, C, E, A. Na huɗu shi ne bariton, mai kusan santimita 76, wanda ake saita shi a kan D, G, B, E kamar tsirkiyoyi huɗu mafi siranta na jita, kuma a gaskiya amonsa ya fi kama da ƙaramar jita, don haka ba na ba da shawararsa ga wanda amon Hawai ne ya jawo shi. A ganina, babban mutum da zai sayi guda ɗaya tak ya tsaya tsakanin konsat da teno: idan rakiyar waƙa zai riƙa yi da kaɗa tsirkiyoyin gaba ɗaya, konsat ya wadatar, idan kuwa burinsa ya riƙa tsintar amo ɗaya bayan ɗaya da yatsu, to teno ya fi dacewa, musamman da yake shi ne ya fi karɓar tsirkiyar G mai kauri wadda ke ƙara zurfin sauti.

Gidaje huɗu ne suka fi shahara a tsibirin Oʻahu, inda Honolulu take, kuma da yake duk sunayensu sun fara da harafin K, masu sha'awar abin sukan haɗa su su kira su da wannan harafi. Dukkansu na iyali ne, dukkansu suna aiki da katako zalla, wato ba siraran fale-falen da aka manne ba, kuma teno mafi sauƙi daga kowannensu ya haura dala 1,000. Bambancinsu yana cikin hali.

Kamaka shi ne babban wa. Samuel Kamaka ya kafa shi a Honolulu a 1916, kuma har yau zuriyarsa ce ke riƙe da shi, wato ya haura shekara ɗari a hannun gida ɗaya. Shi ne ya ƙirƙiro ukulele mai siffar abarba, wanda ya yi wa rajista a 1928, kuma wannan siffa ba ado kawai ba ce, domin rashin ƙugu yana ƙara faɗin cikin, amon ya ɗan ƙara cika. Wani abu da ke burge ni a tarihin gidan shi ne tun 1955 suka fara ɗaukar kurame aiki, aka kuma gano cewa suna iya tantance kaurin katako ta hanyar ƙwanƙwasa shi da jin rawar da yake yi a yatsunsu. Amon Kamaka natsattse ne, mai ɗumi, babu tsirkiyar da ke danne 'yar uwarta, kuma ba ya ihu. Wanda ya ɗauke shi a shago mai hayaniya yana iya cewa bai ji wani abin mamaki ba, ballantana da yake yana zuwa da baƙaƙen tsirkiyoyin nailan masu taushin murya, waɗanda mutane da yawa ke sauyawa da zarar sun kai gida. Amma a ɗaki mai shiru, ko a gaban makirufo, a nan ne darajarsa ke bayyana. Samfurinsa HF-1 shi ne sofurano, HF-2 konsat, HF-3 teno, kuma kamanninsu ba su cika sauyawa ba, abin da ya sa suke riƙe farashinsu idan an tashi sayarwa fiye da na sauran.

KoAloha kishiyar wannan hali ne. Alvin Okami da iyalinsa suka fara shi a 1995, kuma ana gane shi daga nesa da kansa mai tsini biyar kamar kambi da kuma ramin sautinsa mai kusurwa uku masu lanƙwasa maimakon zagaye. A cikinsa sun rage yawan sandunan da ke tallafe fuskar, suka dogara da wani tallafi guda da ya zagaye cikin, don haka fuskar tana da 'yancin rawa sosai. Sakamakon shi ne amo mai ƙarfi, buɗaɗɗe, mai haske, wanda ke fitowa da ɗan taɓi kaɗan. Ko sofurano nasu yana cika ɗaki. Wannan ya sa mai koyo yakan ji daɗinsa nan take, kuma wanda zai riƙa kiɗa a cikin taro ba tare da lasifika ba zai gode masa. Abin da za a iya ɗauka a matsayin naƙasu shi ne wanda ke son murya mai duhu da nauyi yana iya jin hasken ya yi masa yawa, kuma wannan siffar kambi ba kowa take burgewa ba.

Kanileʻa, wanda Joe da Kristen Souza suka kafa a 1998 a garin Kāneʻohe, shi ne na zamani a cikinsu ta fuskar fasaha. Idan aka leƙa ta ramin sautin da fitilar waya za a ga sandunan tallafinsa an huda su an sassaƙe ƙasansu, ba su kwanta gaba ɗaya a kan fuskar ba, sai dai su taɓa ta a wasu wurare kamar ƙafafun gada. Ana riƙe tsirkiyoyinsa da ƙananan turaku a jikin jaki, wato ɗan katakon da tsirkiya ke hawa a kai, maimakon ɗaurin ƙulli, kuma shafen sheƙin da suke yi masa ana busar da shi ne da haske na musamman, yana fitowa kamar madubi yana kuma jure karce. Amonsa mai zurfi ne, yana jan lokaci kafin ya ɓace. Amma abin da ya fi komai raba gardama a kansa shi ne faɗin wuya: milimita 38 a sama, alhali ukulele da yawa suna tsayawa a wajen 35. Milimita uku ba komai ba ne a takarda, amma a hannu babban abu ne. Mai manyan yatsu zai ji kamar an buɗe masa ƙofa, mai ƙaramin hannu kuma yana iya gajiya da wuri. Gidan ya kuma shahara da dasa itatuwan koa a wani fili nasu da ke babban tsibirin, abin da ya dace a yaba, tunda itacen da aka dasa yau sai bayan shekaru masu yawa zai kai sassaƙa.

Koʻolau na iyalin Kitakis, da ke Wahiawā, ya fi karkata ga aikin oda, inda mai saye ke zaɓen katako da fasali ya jira a yi masa. Ba su tsaya a kan koa kaɗai ba, kuma ƙirarsu ta fi kusa da ta jita mai tsada, farashinsu ma yakan zarce na sauran ukun. Ban ga dalilin da mai sayen ukulele mai kyau na farko zai fara daga nan ba, domin oda ta dace ne da wanda ya riga ya san ainihin abin da kunnensa ke nema.

Uku daga cikin gidajen nan suna da ƙannai da ake ƙerawa a waje, kuma a nan ne mai matsakaicin ƙarfi ya kamata ya duba da kyau. KoAloha yana da Opio, wanda ake yi a Tailan da katakon akeshiya zalla bisa tsarin gidan, kuma amonsa ya yi kusa da na yayansa ƙwarai. Koʻolau yana da Pono, wanda ake yi a tsibirin Jaba na Indonesiya da katako zalla, kuma teno da bariton ɗinsa suna da sandar ƙarfe a cikin wuya wadda ake iya juyawa a miƙar da wuyan idan ya lanƙwashe, abin da ba kasafai ake samu a ukulele ba. Kanileʻa yana da Islander, wanda ya gaji faɗin wuyan nan, kuma da yawa daga samfuransa na katako mai hawa-hawa ne da aka manne. Ba za a kira waɗannan 'yan Hawai na haihuwa ba, kuma gidajen ba su ɓoye hakan ba, amma a rabin kuɗin ko ƙasa da haka ana samun kaso mai tsoka na ingancin. Kamaka dai bai da irin wannan layi a yau, duk abin da ke ɗauke da sunansa sabo daga Honolulu yake.

Yanzu ga maganar da ta fi shafar wanda zai kawo abin nan Kano ko Zariya ko Damagaram, kuma ita ce na fi so a ɗauka da muhimmanci. Katako zalla yana numfashi: yana shan danshi ya kumbura, yana rasa shi ya tsuke. Masu ƙera kayan kiɗa suna son danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, Hawai kuwa ƙasa ce da teku ya kewaye, iskarta ba ta bushewa. A wajenmu, idan hunturu ya kankama a Disamba da Janairu, danshi yakan faɗi ƙasa da kashi 20, wato irin bushewar da ke fasa leɓe da dunduniya. Fuskar ukulele ba ta fi kaurin milimita biyu ba. Na ga abin da idona a wani konsat na katako zalla da na taɓa ratayewa a bango don ya yi wa ɗaki kyau: da farko gefen layukan ƙarfen ya fara kartar yatsa, saboda katakon wuyan ya tsuke ƙarfen bai tsuke ba, ban gane gargaɗi ne ba, bayan kamar mako biyu sai tsirkiya ta fara zuza, sannan wata safiya na tarar da siririyar tsaga, kamar gashi, ta taso daga ƙasan jaki ta nufi gindi. Babu laifin wanda ya ƙera shi, ni ne ban san halin katako ba.

Maganin ba shi da tsada, amma yana son kulawa ta kullum. A ajiye ukulele a cikin akwatinsa mai tauri a rufe duk lokacin da ba a kaɗa shi, a sa ɗan abin riƙe danshi a ciki, ko da soso ne da aka jiƙa aka matse sosai aka sa a ƙaramar roba mai huji, tare da ƙaramin ma'aunin danshi, a riƙa dubawa duk bayan kwana biyu ko uku har hunturu da bazara su wuce. Kada a bar shi a mota a rana, domin zafi yana sassauta gam har jaki ya ɗago. Da damina kuma, musamman a Agusta, sai a cire soson. Wanda ya san harkokinsa ba za su bar shi ya yi wannan hidima ba, to gaskiyar magana kada ya sayi koa zalla. Ya nemi mai hawa-hawa daga Islander ko kamfanin ukulele na Kala, wanda amonsa bai kai na zalla ba amma yana jure bushewa sosai. A tuna kuma cewa mai gyaran irin wannan kaya ba shi da yawa a kusa, kuma mayar da shi Honolulu don gyara na iya cin kuɗin da ya kusa sayen wani.

Idan an samu damar riƙe ukulele kafin a biya, akwai gwaji kaɗan da ke tona asirin aiki. A kaɗa kowace tsirkiya a sake, sannan a danne ta a layi na 12 a sake kaɗawa: sautin biyu ya zama ɗaya ne, na biyun yana sama da na farko da cikakken hawa guda, kuma manhajar saita sauti ta waya za ta nuna idan ya kauce. A duba tazarar da ke tsakanin tsirkiya da wannan layi na 12, wadda ta kamata ta tsaya wajen milimita 2.5 zuwa 3. Idan ta fi haka yatsu za su sha wuya, idan ta gaza tsirkiya za ta riƙa zuza. A bi kowane layi daga sama har ƙasa ana saurare, domin wani lokaci akan sami amo guda da ke mutuwa da wuri. A shafa gefen wuya a ji ko ƙarfe na karta, a ɗaga abin a hango wuyan daga kai zuwa gindi kamar mai duba miƙewar sanda, a kuma leƙa ciki a ga ko gam ya zuba barkatai. Don gane katako zalla, a dubi bakin ramin sauti: idan zaren katakon ya ratsa daga sama har ƙasan kaurin, zalla ne, idan kuwa an ga layi-layi kamar an jera takardu, mai hawa-hawa ne. Makullan ɗaure tsirkiya ma abin dubawa ne, domin na gargajiya masu riƙewa da matsi kawai suna da wuyar saitawa ga sabon hannu, masu haƙoran ƙarfe a ciki sun fi sauƙi.

Mafi yawanmu dai daga nesa za mu saya, kuma a nan shagon da aka saya a wurinsa ya kusa kai kamfanin muhimmanci. A nemi dillalin da gidan ya amince da shi, wanda ke duba kowane ukulele ya daidaita tsayin tsirkiyarsa kafin ya aiko, a kuma roƙi hoto da sautin ainihin wanda za a turo, ba na wani mai kama da shi ba, tunda ko 'yan samfuri ɗaya ba sa zama daidai. A saurari sautin da abin sawa a kunne, kuma a tambayi irin tsirkiyar da ke kai, domin tsirkiyar fulorokabon tana ƙara haske, nailan tana tausasawa, kuma sauya su da 'yan daloli kaɗan yana iya canza muryar abin fiye da yadda ake zato. A lissafa kuɗin jirgi da na kwastan da na akwati mai tauri tun kafin a yanke shawara. Idan kuma ya iso a tsakiyar hunturu, kada a yi gaggawar fito da shi; a bar shi a akwatinsa da abin danshi na kwana ɗaya ko biyu ya saba.

Da za a ce in zaɓa wa mutum ɗaya mai matsakaicin hannu, wanda ya riga ya iya kiɗa kuma ya shirya kula da danshi, da Kamaka HF-3 mara ado zan nuna masa, saboda daidaiton muryarsa ba ya gundura ko bayan shekaru, kuma idan wata rana buƙata ta sa ya sayar ba zai yi asara mai yawa ba. Mai kaurin yatsu zan tura shi ga Kanileʻa, mai son a ji shi a tsakar gida ba tare da na'ura ba kuma ga konsat na KoAloha. Wanda kuwa wannan ne hunturunsa na farko da katako zalla, zan ce ya fara da teno na Pono ko konsat na Opio, ya ga ko zai iya fitar da shi lafiya zuwa saukar ruwan farko, kafin ya aika kuɗinsa Honolulu.